Jarumi Mai Lema Ba Shi da Lamba

Ranar da Gwani ya ajiye burushin rubuta allunan shaguna ya ce daga yau shi mai zana littafi ne, abin da ya fara nema ba takarda ba ce, ɗaki ne. Gidan da suke haya a bene yake, ɗaki biyu da falo, kuma a ɗaki na biyun matarsa take ɗinki. Ya yi ta yi mata bayani cewa fasaha kamar kaza mai kwanci ce, tana son shiru da ƙofa mai makulli, har ta gaji ta yarda. Aka ja keken ɗinkinta zuwa lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki, inda duk mai wucewa sai ya karkace kamar ƙaguwa.

Sai dai ta kafa sharaɗi, kuma ita mace ce da ba ta manta sharaɗi.

"Baban yara, ka ce in littafin ya fito masana za su yi maka tafi."

"Tafi? Kuka za su yi."

"To shi ke nan. Ranar da wani masani ya tsaya gaban jama'a ya ce aikinka aiki ne, ɗaki ya zama naka har abada. In bai faɗa ba, kekena ya koma mazauninsa, kai ka dawo lungu."

"Ki fara sabawa da lungun," in ji shi, ya zura makulli a aljihu.

Sunan Gwani shi ya raɗa wa kansa. Mutanen gidan kuwa Mai Fenti suke ce masa, in sun kira ya yi kamar bai ji ba.

Watanni ya yi a kulle yana zana labarin Jarumi Mai Lema. Labarin kuwa ga shi: wani mugu, Sarkin Reza, ya addabi gari yana aske wa mutane rabin kai ya bar rabi. Mai gadin gari ya gan shi ya ranta a na kare. Jarumi ya fito da lemarsa, mugu ya kayar da shi ya taka masa ƙirji. Jarumi ya miƙe, ya lallasa wata ƙatuwar kada da ke tsaron ƙofar mugu, ya kama mugun ya aske masa gashin baki, ya yi aure.

Da ya gama ya kai wa mai injin buga littattafai. Mai injin ya juya takardun gaba da baya.

"Ina maganar mutanen?"

"Babu. Magana ta wanda bai iya zane ba ce."

"To ina lambar shafi?"

"Lamba ta motar haya ce da fursuna. Zanena kogi ne. Ka taɓa ganin an sa wa kogi lamba?"

"Na dai taɓa ganin kogi ya tafi da mutum. Malam, in ba lamba ma'aikatana ba za su haɗa maka ba. Kuma gaba da baya za mu buga ko?"

"Haba! Zanena ba ya son a jingina masa wani zane a baya. Kowane shafi takardarsa. Haɗawa kuwa bar mini, da ido a rufe zan yi."

Mai injin ya ɗaga kafaɗa ya buga. Gwani ya kwaso takardu dami-dami, kowane shafi da daminsa, ya jera su a ƙasa tun daga ɗakin zane har tsakiyar falo. Tsarin mai sauƙi ne: ya bi layi yana ɗaukar ɗaya daga kowane dami, in ya kai ƙarshe ya maƙala, littafi ya samu. Ya kwance igiyoyin duka. Ya shafa shafi ɗaya, ya ga kamar tawada ba ta gama bushewa ba.

"Maman yara, zo ki ga yadda masu ilimi suke shanya."

"Kada ka kunna fankar nan."

Ya buɗe tagogi, ya murɗa fanka har ƙarshe.

Abin da ya biyo baya ba ya bukatar dogon bayani. Jarumi ya tashi sama, mugu ya bi shi, kada ta shige ƙarƙashin kujera, amarya ta faɗa bokitin wanki. Wasu suka fita ta taga, wasu suka gangara matakala. Gwani ya yi tsalle zai kamo ɗaya, ya taka wata, santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas a kan mai gadi. Matarsa ta taso daga lungu a natse, ta kashe fanka, ta koma ta ci gaba da kalmasa bakin zane.

Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mai Aski ne, wanda shagonsa ke ƙasan benen, da takarda a hannu tana ɗigar kumfa. Bayansa ga Hajiya mai gidan tana haki saboda matakala, sai Saje, tsohon soja da ke zaune a ƙofar da ke kallon tasu. Kowa da takardarsa.

"Mai Fenti," in ji Mai Aski, "wannan ta sauka a fuskar mutumin da nake yi wa gyaran gemu. Wane ne wannan?"

"Sarkin Reza. Mugun labarin."

"Me ya sa gashin bakinsa ya lanƙwasa irin nawa?"

"Gashin baki ai duk ɗaya ne."

"Tabon da ke gefen hancinsa fa? Da matajin da ke bayan kunnensa?"

"Kama ce kawai. Duniya da faɗi."

Hajiya ta ture shi gefe ta miƙa tata. "Kai yaro, a ina ka taɓa ganin kada da tabarau mai sarƙa? Da haƙorin zinariya a nan, daidai inda nawa yake? Kuma makullan nan da ta rataya a wuya, ba na gidana ba ne?"

"Hajiya, kada alama ce ta ƙarfi da mulki."

"Mulki? Ga shi nan ana jibgar ta da lema!"

Saje bai ɗaga murya ba. Ya miƙe ƙyam, ya ɗaga takardarsa kamar zai gabatar da rahoto. A ciki wani mai gadi ne mai tumbi da lambar yabo a ƙirji, yana sheƙa gudu ya bar silifa ɗaya a baya.

"Ni ban taɓa gudu ba," ya ce. "Ja da baya na taɓa yi, shi ma bisa umarni."

Gaskiyar magana ita ce Gwani bai iya ƙirƙirar fuska daga kansa ba. Abin da ya gani shi yake zanawa, kuma daga tagarsa mutum ukun nan yake gani. Jarumi kuwa a madubi ya samo shi. Da aka zo kan amarya ya roƙi matarsa ta zauna ya zana ta, ta ce tana da ɗinkin mutane. Sai ya koma madubi, ya ƙara 'yan kunne da gashin ido.

Ya gyara murya ya ce musu su gode wa Allah, don ba kowa ake sakawa a littafi ba, kuma nan da shekara ɗari jikokinsu za su riƙa alfahari. Sannan ya faɗa musu halin da yake ciki: ya riga ya kama zauren ɗakin karatu na gari don ƙaddamarwa ranar Asabar, ga takardu sun cakuɗe, hannu ɗaya ba zai iya ba.

Baƙin uku suka dubi juna. Mai Aski ya murza gashin baki.

"Wato duk wanda ya haɗa, yadda ya haɗa haka za a karanta?"

"Zan yi muku samfur ku bi."

"Ai maƙwabci don irin wannan rana yake," in ji Mai Aski. "Mun zo."

"Ni ma zan taimaka," in ji Hajiya, ta gyara zaman babbar jakarta a cinya.

Gwani ya leƙa lungu ya yi wa matarsa raɗa: "Kin gani? Tun kafin littafi ya fito na yi masoya."

Ya haɗa samfur ɗaya ya ajiye a tsakiyar falo, ya raba musu abin maƙala takarda, ya sa babbar rigarsa ya tafi ɗaukar hoton da za a manna a ƙofar zaure. Hoton ya ci masa yini, don duk wanda aka ɗauka sai ya ce bai nuna zurfin tunaninsa ba.

A falo kuwa ba wanda ya ko kalli samfurin. Mai Aski ya ɗauko shafin da aka aske wa mugu gashin baki ya sa shi farko, a wuce wurin da wuri. Ya bi shi da aure. Shafin da mugu ya taka ƙirjin jarumi yana dariya ya ajiye shi can ƙarshe, ya maƙala, ya sumbace shi. Saje ya sa mai gadi yana gudu, nan take ya bi shi da shafin da mugu ke kwance warwas, ya rufe da shafin da mai gadi ke barci a kujera, wato hutun bayan yaƙi. Hajiya ba ta wahalar da kanta da tsari ba. Duk inda ta ga kada sai ta zare ta tura jaka. A nata littafin, jarumi ya ɗaga lema da hannu biyu ido jajur, ka juya shafi sai ga amarya tana hawaye.

Da Gwani ya dawo ya tarar da littattafai tsibi uku an jera tsaf. Ya zaro ɗaya daga tsibin Mai Aski, don shi ne gefensa ya fi daidaita, ya sa a ambulan.

"Baban yara, ka buɗe ka duba," in ji matarsa daga lungu.

"Uwa tana buɗe fuskar ɗanta don ta tabbatar nata ne?"

"Tana buɗewa in a asibiti ta haihu."

Bai saurare ta ba. Ya nufi ofishin jarida wurin mai sharhin littattafai da kowa ke tsoro, wanda ake kira Dakta Almakashi saboda ba littafin da ya taɓa shiga hannunsa ya fita da tsawonsa. An ce akwai marubucin da ya karanta sharhinsa ya koma kiwon kaji. Gwani ya same shi a bayan tebur, siriri, da jan biro a hannu.

"Dakta, na kawo maka hutu. Ka daɗe kana cin ƙasa, yau ga nama."

"Wa ya buga maka?"

"Ni na buga da kaina. Kamfanoni ba su kai su taɓa shi ba."

"Sun ƙi karɓa ke nan."

"Sun ji tsoro."

Dakta ya auna littafin a tafin hannu. "Ba rubutu?"

"Ko ɗigo."

"To aƙalla ba zan gyara maka nahawu ba. Ajiye can. Rufe ƙofa in ka fita, daga waje."

Kwana biyu bayan haka waya ta yi ƙara suna cin abinci. Gwani ya ga baƙuwar lamba, ya sa a lasifika don matarsa ta ji.

"Kai ne mai Lema?" Muryar Dakta ce, tana rawa. "Bawan Allah, ina ka ɓuya? Wannan ƙarshe! Wa ya ba ka zuciyar da za ka ƙare littafi haka?"

Gwani ya tuna shafin aure, ya yi murmushi. "Dakta, ai abin da kowane namiji yake fata ke nan."

Dakta ya ce: "Kowane namiji yana fatan a taka masa ƙirji?"

"A taka... e, to. A wata fuskar."

"A wata fuskar! Ka ji magana. Zan zo ranar Asabar, ni zan yi jawabi da kaina."

Gwani ya ajiye waya ya miƙe ya zaga falo yana taka rawa da cokali a hannu. "Kin ji? Je ki saya wa lungunki labule."

"Na ji a waya. Gaban jama'a muka ce. Kuma wane ƙirji aka taka a wurin aure?"

"Maganar masana ce, ba za ki gane ba. Aure ai taka ƙirji ne."

"Haka ne?" ta ce, ta ci gaba da cin abincinta.

Ranar Asabar zaure ya cika, don labari ya bazu cewa Dakta Almakashi zai yabi littafi, kuma mutane suna son ganin abin da ba su taɓa gani ba. A bakin ƙofa aka riƙa miƙa wa kowa kofi ɗaya daga tsibin da hannu ya kai. Gwani ya hau kan dandamali da babbar riga da lema a rataye a hannu, ko da yake ba hadari ko kaɗan. Matarsa ta zauna a layin gaba. Mai Aski, Hajiya da Saje suka zauna bayanta, kowa ya sha ado kamar shi ne ango.

Dakta ya kama lasifika.

"Jama'a, na daɗe ina yanka littattafai, kuma ban yi nadama ba. Yau almakashina ya dakushe. Wannan littafi ya fara daga inda ragwaye suke ƙarewa. Shafin farko, jarumi ya riga ya yi nasara, ya aske gashin bakin mugu. Sai aure. Wa ya aura? Ku dubi fuskar amaryar da kyau. Kansa ya aura! Wato mai nasara ba ya son kowa sai kansa."

Gwani ya gyaɗa kai a hankali, kamar mai cewa ashe akwai mai ganewa. Amma fa bai tuna ya sa aure a shafi na biyu ba.

"Daga nan," Dakta ya ci gaba, "gashin bakin mugu ya sake tsirowa. Don me? Don mugunta gashi ce, ko ka aske sai ta fito. A shafin ƙarshe, mugu ya taka ƙirjin jarumi yana dariya, lema a yashe a gefe. Ba ceto, ba lallashi. Ku buɗe shafin ƙarshe ku gani da idonku."

Zaure ya cika da ƙarar takarda. Sai gunaguni ya fara daga baya. Wani dattijo ya ɗaga hannu.

"Dakta, gafara dai. Ni a nawa wani mai tumbi ne yake barci a kujera."

"Daga baya za ka buɗe."

"Daga baya na buɗe. Kuma shi ne ya kashe mugun. Ya rugo da gudu har takalminsa ya cire, juyawar shafi mugu na ƙasa."

Saje ya gyara zama ya dubi silin.

Wata mata ta miƙe tsaye da littafi a sama. "Ku bar maganar mai tumbi! Ni ina so in ji dalilin da zai sa ƙato ya ɗaga lema ya kwaɗa wa amarya ranar aurenta. Ga ta nan tana kuka. Wannan ne abin da aka tara mu mu yaba?"

"Hawayen farin ciki ne!" in ji Gwani.

"Farin cikin lema a ka?"

"Ba ita ya daka ba, kada ya daka!"

"Wace kada?" Rabin zaure suka tambaya.

"Ga ta nan da tabarau," in ji sauran rabin.

Mutane suka fara leƙa littafin juna. Wani ya ce nasa ya fi na maƙwabcinsa kauri, maƙwabcin ya ce an cuce shi. Wasu ɗalibai biyu suka kama musu kan ko jarumin ya mutu ko yana raye, har ɗaya ya cire agogo zai yi dambe. Dakta ya karɓi littafi daga hannun dattijon, ya karɓi na matar, ya jera su da nasa a kan tebur. Ya duba, ya sake dubawa, ya juyo ga Gwani.

Nan ne ido ya raina fata. Amma Gwani ba a san shi da yin shiru ba. Ya karɓe lasifika.

"Jama'a, ku kwantar da hankali. Duk ni na tsara. Rayuwa iri ɗaya ce ga kowa? To don me littafi zai zama iri ɗaya? Kowane mai karatu da rabonsa. Wannan sabuwar hanya ce, ni na ƙirƙiro ta, ban ma sa mata suna ba tukuna."

Idon Dakta ya ƙara haske. Ya ɗaga jan bironsa ya fara rubutu da sauri. "Littafi mai ƙarshe uku... da gangan..." Wasu suka fara tafi. Gwani ya buɗe lema don murna, ya ɗaga ta sama. Saura ƙiris ɗaki ya tabbata nasa.

Abin da bai lissafa ba shi ne, ba shi kaɗai ne mai son yabo a zauren ba.

"Ƙarya yake!" Mai Aski ya miƙe har kujerarsa ta faɗi. "Wallahi ƙarya yake! Dakta, ƙarshen nan da ka ce ya dakushe maka almakashi, ni na yi shi. Shi a tsakiya ya sa, wai daga baya a aske ni. Ni! Na ce ba a yi wanda zai aske ni a littafi ba. Dubi fuskar mugun, dubi tawa."

Ya juya gefe don a ga tabon. Zaure ya duba littafi, ya duba Mai Aski, aka tuntsire da dariya.

"Zauna, maƙwabci, zafi ne ya taɓa ka," in ji Gwani.

"Mai gadi kuma aikina ne," in ji Saje, ya miƙe ya ƙame. "Na gyara tarihi."

"Ni ban tsara komai ba," in ji Hajiya. Ta taka zuwa gaban dandamali, ta zuge jaka, ta kife ta. Kadoji masu tabarau suka zubo tuli guda suka bazu har ƙarƙashin kujerun layin gaba. "Cirewa na yi. Kuma in aka sake bugawa zan sake cirewa. Ruwa bai ƙare wa wannan kadar ba."

Dakta ya ajiye biro. Ya dubi Gwani irin kallon da ya sa wani ya koma kiwon kaji.

"Wato ba ka taɓa ganin littafin da na yaba ba."

"Na gan shi a zuci."

"To bar zuci. Nuna mana naka. Yadda kai ka tsara shi da hannunka."

Wannan ya taɓa Gwani inda yake masa ƙaiƙayi. "Yanzu ka yi magana! Abin da waɗannan suka yi ai ɓarna ce. In ɓarnar ta sa ka rawar murya, na asali sai an riƙe ka."

Ya ɓalle littafi ɗaya, ya durƙusa ya tsinto kada biyu daga ƙasa, ya jera shafuka a kan tebur, ya miƙa da hannu biyu. Dakta ya riƙa juyawa yana faɗa a lasifika, murya ba hawa ba sauka.

"Mugu ya zo. Jarumi ya faɗi. Jarumi ya tashi. Ya daki dabba. Ya ci nasara. Ya yi aure." Ya rufe. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan! Ka ji daɗin tafiyar?"

"Na ji. Kakata ta ba ni wannan labarin, ita ma ta ce tsoho ne. Amaryar fa, me ya sa take da fuskarka?"

"Matata ce ta ƙi zama."

Dakta ya cire tabarau ya goge ido. Ya ja layi a kan duk abin da ya rubuta. Sannan ya sauka daga dandamali ya miƙa wa Mai Aski hannu, ya tambaye shi ko yana da wani aikin a ƙasa. Mai Aski ya ce yana da tunani da yawa, lokaci ne babu. Nan da nan ɗalibai suka yi layi a gabansa da littattafai yana sa musu hannu, masu kofin Saje suna neman masu musaya.

Matar Gwani ta bari hayaniya ta lafa. Ta tashi ta gyara mayafi, ta je gaban Dakta ta gaishe shi da ladabi, ta roƙe shi ya koma lasifika minti ɗaya.

"Dakta, ni ce matarsa, kuma akwai magana tsakaninmu. Ka faɗa a gaban jama'a yadda kowa zai ji. A cikin abin da mijina ya yi da hannunsa, ban da na mai aski, ban da na Saje, akwai abin da za ka ce aiki ne?"

Dakta ya sake ɗaukar littafin. Ya juya, ya juya. Gwani ya matso yana leƙe ta kafaɗarsa yana nuna masa wurare da baki.

"Lemar ta fito," in ji Dakta a ƙarshe.

"Kin ji!" Gwani ya daka tsalle. "Jama'a ku shaida! Ya yaba!"

"Lemar duka, Dakta?" ta tambaya.

Ya ƙara kusanto da shafin ga idonsa. "Hannun lemar."

"Na gode." Ta juya ga mijinta ta buɗe tafin hannu. "Baban yara, hannun lema ya ci ɗaki, yana iya zama a ciki, zan rataye shi a ƙusa. Kai kawo makulli."

Ya duba zaure ko akwai mai tsaya masa. Dattijon nan ya kau da kai, matar da ta yi maganar amarya ta harɗe hannu tana jira. Ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya ce kamar ya bar shi a gida. Matarsa ta ce yana aljihun ciki, ita ta ɗinka aljihun. Ya zaro ya ba ta.

Washegari da hantsi Saje da Mai Aski suka hau bene suka kama keken ɗinki suka mai da shi ɗaki, suka fito da teburin zane. Teburin ya ƙi shiga lungu sai da aka cire masa ƙafa ɗaya aka tokare da bokiti. Gwani ya zauna a gabansa, gwiwa na dukan bango, ya fiƙe fensir. Hajiya ta hau duba ko an goge mata fentin bango wajen jan kaya, ta same shi a haka.

"Mai Fenti, an dawo lungu ke nan?"

"Lungu? Hajiya, auna ki gani. Nan ya fi ɗakin tsawo. Ni na nemi canjin, aikin da ke gabana dogo ne."

Ƙofar banɗaki ta buɗe daga ciki ta bugi kujerarsa.

"Baban yara, matsa in wuce."

Ya tashi, ya ɗaga teburin, ya manne da bango.